KUJERAR TSUGUNNO A ƊAKUNANMU NA KURMI: TA KAKA, TA UWA DA TA YAU

Jawabin da aka gabatar a zaman 'yan ƙungiya a unguwar Sabo, Badun

  

An nemi mu ce wani abu game da kayan ɗaki da yadda ake tsara su a gidajenmu na nan Kurmi. Da muka duba, sai muka bar gado da kabad da saitin kushin, muka ɗauko ƙaramar cikinsu, watau kujerar tsugunno, wadda wasu ke kira kujerar mata. Mun san akwai mai cewa a ransa, ga kuɗin haya, ga kuɗin makarantar yara, ga tsadar motar zuwa gida, ashe har magana ta ƙare sai ta 'yar kujera? To a yi mana haƙuri kaɗan. Dalili shi ne, tsofaffin kujerun da iyayenmu suka zo da su daga gida suna ficewa daga hannunmu ɗaya bayan ɗaya. Wata an faskara ta an hura wuta, wata gara ta cinye ta a bayan ɗaki, wata kuma an sayar wa mai bi gida-gida a kan kuɗin da bai wuce cefanen kwana biyu ba, aka je kasuwa aka sayo ta roba. Alhali kuwa irin waɗannan kujeru su ne masu hali ke nema ido rufe domin su ƙawata falo, a Ikko da Abuja har ƙasashen Turai. Abin da muke so mu tashi da shi yau guda ɗaya ne: kowa ya san darajar abin da ke ɗakinsa kafin ya rabu da shi, ya kuma san inda ya dace ya ajiye shi.

YADDA AKA YI MUKA RAINA TA

A al'adarmu ta asali namiji ba mazaunin kujera ba ne. Maigida tabarma yake shimfiɗawa a zaure, malami yana kan buzu, attajiri yana kan darduma ya jingina da tim-tim, sarki kuwa yana kan karaga. Kujerar sassaƙa ta cikin gida ce. A kanta uwargida ke zama gaban murhu ta tuƙa tuwo, a kanta ake tankaɗe da wanke-wanke, a kanta mai kitso ke zama, a kanta mai jego ke zama a yi mata wanka. Shi ya sa a da, da wuya a kai amarya ɗakinta ba tare da kujerarta ba, ga turmi da taɓarya, ga akushi da muciya, kuma duk hannu ɗaya ne ya yi su, hannun masassaƙi.

To kun ga, abin da ke zaune kusa da murhu hayaƙi na dukansa, maza ba sa sa shi cikin lissafin dukiya. In an zo rabon gado a ƙirga zinari, a ƙirga shanu, a ƙirga tasoshi, kujera kuwa a ce yara su kawar da ita daga hanya. Abin dariya kuma, sunan nata ne manya ke ta faman nema, wannan yana neman kujerar mulki, wancan yana neman kujerar Makka. Ita kuwa mai sunan tana can gefen rariya.

Wannan unguwa tamu an kafa ta a 1916, 'yan shekaru bayan jirgin ƙasa ya haɗa Kano da Ikko a 1912. Fataken goro da na shanu ne suka fara zama, da zama ya yi daɗi suka ɗauko iyali. Matan da suka biyo su ba za su iya ɗauko gadon ƙasa ko rumbu ba, amma kujera tana shiga ɗauri ɗaya da tukwane. Saboda haka a wasu gidajen Sabo 'yar kujerar nan ita kaɗai ta rage cikin kayan da aka zo da su daga Kano ko Katsina ko Zazzau ko Sakkwato. Yaron da aka haifa a nan, wanda Yarbanci ya fi kama bakinsa, wanda bai taɓa ganin ɗakin da aka haifi kakarsa ba, ga abin da zai iya taɓawa da hannunsa ya ce wannan daga garinmu ta zo.

KASHI UKU NE

Masu sana'ar tsofaffin kaya a duniya sun kasa kayan ɗaki kashi uku bisa shekaru, kuma ya kamata mu san wannan rabo domin da shi suke yanka farashi.

Kashi na farko shi ne kayan tarihi, watau abin da ya kai shekara 100 ko ya fi. A lissafin yau, kujerar da aka sassaƙa a farkon shekarun 1920 ko kafin haka ta shiga wannan aji. Mu kira ta kujerar kaka. Daga gungume ɗaya ake fitar da ita, ba ƙusa, ba haɗi, ba gam. Masassaƙi zai sare da gatari, ya fafe da gizago, ya fitar da ƙafafu da mazauni, sa'annan wani lokaci ya sa ƙarfe mai zafi ya yi mata zane ko ya baƙanta gefenta. Itacen da ake nema mai tauri ne, irin su ƙirya da kawo da maɗaci da madobiya. Wanda ya taɓa ɗaga tsohon turmin ƙirya ya san nauyin da muke nufi.

Kashi na biyu shi ne tsohon yayi, abin da ya wuce shekara 20 amma bai cika 100 ba. Wannan ita ce kujerar uwa. Akwai na sassaƙa a cikinsu, amma mafi yawa aikin kafinta ne, katako da ƙusa. Akwai wadda aka lulluɓe samanta da fomaika, akwai ta ƙarfen rodi da mai walda ya lanƙwasa aka saƙe ta da igiyar roba mai launi, akwai ta kwagiri, akwai 'yar kujerar gaban madubi mai soso da ke zuwa tare da gadon amarya. Dattawan da ke nan sun tuna lokacin Udoji, a tsakiyar shekarun 1970, da kuɗi suka shigo hannun ma'aikata, kasuwa ta buɗe, kowa ya sayi saitin kushin ya cika falo. Daga wannan lokaci ne kujerar sassaƙa ta fara komawa bayan ƙofa.

Kashi na uku shi ne na zamani: ta roba da ake jibgewa ɗaya kan ɗaya, ta ƙarfe mai naɗewa, doguwar nan ta gaban kanta mai juyawa, da kuma sabuwar sassaƙa da aka yi jiya. Ba mu zo nan don mu kushe su ba. Ranar suna ko biki, in ba kujerun roba ina za a zaunar da jama'a? Kowace tana da ranarta. Kuskuren kawai shi ne a musanya ta farko da ta ƙarshe a ce an ci gaba.

MU DUBI MAƘWABTA

Tun da cikin mutane muke zaune, bari mu dubi yadda wasu suka ɗauki wannan abu da muke rainawa. Masu masaukinmu Yarbawa suna kiran 'yar gajeriyar kujera apoti, kalmar da suke kiran akwati da ita, kuma da wuya ka shiga kasuwar Oja'ba ko Bodija ka ga 'yar kasuwa ba ta da tata. Nufawan Bida sun yi suna da kujera mai ƙafafu da yawa, wata takwas wata goma, duk daga gungume ɗaya, samanta cike da zane. Da yawa daga iyayenmu a hanyar zuwa Kurmi suka saye ta, shi ya sa ake samunta a ɗakunan Sabo, kuma tana cikin waɗanda masu tara kayan tarihi suka fi nema. A ƙasar Ibo masassaƙan Awka sun shahara da kujerun da ake yi wa masu riƙe da sarautar gargajiya ta ozo.

Sai Asante na ƙasar Gana, waɗanda kakanninmu ke kira Tonawa. Kafin goro ya yawaita a ƙasar Yarbawa, Gwanja fatakenmu ke zuwa nemansa, har ma Yarbawa suka laƙaba wa irin goron da muke ci suna gbanja, don haka mun daɗe da sanin mutanen. A wurinsu kujerar mutum tasa ce shi kaɗai, in ya tashi ma sai a kishingiɗar da ita don kada wani ya hau. Suna da Kujerar Zinari a Kumasi wadda ko sarkinsu ba ya zama a kai. A 1900 gwamnan Turawa, Frederick Hodgson, ya ce a kawo masa ita ya zauna, maganar da ta tayar da yaƙi ke nan, wata basarakiya mai suna Yaa Asantewaa ta ja gaba. Turawa sun ci yaƙin, amma ba su sami kujerar ba.

Kusa da mu kuma ga Bini. A 1897 sojojin Ingila suka ci birnin, suka kwashe dubban kayan fada, cikinsu har da kujerun sarauta biyu na tagulla waɗanda suka ƙare a gidan tarihi na Balin a Jamus. A tsakiyar shekarun 1930 Oba Akenzua na Biyu ya nemi a maido masa da su, abin da ya samu shi ne kwaikwayonsu. Sai a 2022 Jamus ta sa hannu kan yarjejeniyar mayar wa Nijeriya mallakar kayan Bini da ke hannunta, shekara 125 ke nan bayan an kwashe su. Jama'a, su ƙwace musu aka yi da bindiga. Mu kuwa da hannunmu muke miƙawa, har mu ce mun gode.

ABIN DA MASU ZANEN KAYAN ƊAKI SUKA GANI

Kada wani ya ce ai wannan duk maganar da ce, zamani ya wuce kujerar da ba ta da majingini. Manyan masu zana kayan ɗaki na ƙasashen waje ba su yarda da haka ba. A shekarun 1920 wani Bafaranshe, Pierre Legrain, ya riƙa kwaikwayon siffar kujerun Afirka, har da na Asante, yana ƙera wa attajiran birnin Faris. A 1933 wani mai zanen gine-gine ɗan ƙasar Finlan, Alvar Aalto, ya fito da 'yar kujera mai zagayayyen mazauni da ƙafa uku na lanƙwasasshen katako, wadda ake iya jibgewa ɗaya kan ɗaya, kuma har gobe kamfanin Artek yana ƙera ta. A 1960 wasu miji da mata 'yan Amurka, Charles da Ray Eames, suka zana wasu gajerun kujeru na zallar katako domin wani babban gini a birnin Niyok, wanda duk ya gan su sai ya tuna da turmi. A 1968 kuma Henry Massonnet a Faransa ya fito da ta roba mai suna Tam Tam, mai tsukakken ƙugu kamar kalangu, aka sayar da miliyoyinta.

Me suka gani? Sun ga abu ne ƙarami mai aiki da yawa. A zauna a kai, a ɗora tire, a miƙe ƙafa a kai, yaro ya ɗauke ta da hannu ɗaya ya kai wa baƙo, in an gama a tura ta ƙarƙashin gado. Ita mai ƙafa ukun kuma ba ta yin rawa ko da daɓen ɗaki ba daidai yake ba. To wa ya fi mu bukatar irin wannan? Mu da yawancinmu ɗaki ɗaya ne, ko ciki da falo, a gidan haya mai mutum ashirin. Sai ka ga an cusa kushin mai cin mutum bakwai a falon da bai fi taku biyar ba, ba inda za a shimfiɗa tabarma a ci abinci, mai wucewa sai ya bi a karkace.

YADDA AKE GANE TSOHUWA

Yanzu ga abin da za a duba in an koma gida. A kifa kujerar a dubi ƙarƙashinta. In ta sassaƙa ce za a ga sawun gizago, ba daidai ba, wani wuri zurfi wani wuri tudu. In aka ga sawun zarto ko na inji, ko ƙusa, to ta kafinta ce. A dubi ƙafafu: tsohuwa ƙasan ƙafarta ya side saboda ja a ƙasa, sau da yawa wata ƙafar ta fi wata cinyewa. A shafa mazaunin: inda jiki ke gogawa da inda hannu ke kamawa za a ji santsi da sheƙi, lungunan zane kuwa sun yi duhu. Wannan sheƙi na shekaru shi ne kuɗin kujerar. Tsaguwa kaɗan da ta bi tsawon itacen ba aibi ba ce, alamar bushewa ce.

Wanda zai saya kuma ya yi hattara, domin ana tsufar da sabuwa da gangan. A rataye ta a hayaƙi, a shafe ta da man takalmi ko ruwan goro, a binne ta 'yan makonni, ta fito kamar ta ga zamanin Turawa. Alamarta ita ce duhun ya zama bai ɗaya ko'ina, har inda hannu ba ya kaiwa, kuma in ka goga farin ƙyalle mai ɗan danshi sai baƙin ya biyo shi. Sabuwar sassaƙa ba laifi ba ce, a dai sayar da ita da sunan sabuwa.

A nan sai mun faɗa wa kanmu gaskiya. Sana'ar sayar da kayan gargajiya ga baƙi, daga Ikko har Abijan, 'yan uwanmu Hausawa suna cikin waɗanda suka fi riƙe ta, kuma sana'a ce da ta rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma ɗan uwa mai wannan sana'a, in ka shiga gidan tsohuwa ka ga kujerar da ka san za ka sayar ninkin ba ninkin, ka gaya mata abin da ke hannunta, in ta ga dama ta sayar bisa sani. Sa'annan akwai doka. Doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta ce duk aikin hannu na gargajiya da aka yi a ƙasar nan kafin 1918, ko wanda ke da muhimmancin tarihi kuma an yi amfani da shi a bikin al'ada, kayan tarihi ne. Ba a fitar da shi waje sai da takardar izini, saye da sayarwarsa ma sai ta hannun wanda hukumar ta amince wa. Hukumar tana da gidan tarihi nan Badun a Aleshinloye, tana da babba a Onikan a Ikko tun 1957, ga kuma Gidan Makama a Kano. Wanda ke shakka ya je su duba masa, ya fi a tare shi da kaya a filin jirgi.

Wani abin lura shi ne itacen ma yana ƙarewa. Madobiya dai an yi ta sare shi ana lodawa zuwa ƙasar Sin, har ta kai tun 2017 yana cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ta sa wa ido wajen fitarwa. Ƙirya kuma masu gawayi ba su bar ta ta huta ba. Wanda ya sayar da ta kakarsa yau yana cewa zai sa a sassaƙa masa wata, zai sha wuya kafin ya sami gungume irin na da.

KOWACE DA MAZAUNINTA

To yaya za a jera su a ɗaki? Iyayenmu mata sun fi mu sanin jere, sai dai mu ƙara 'yan kalmomi.

Ta kaka a ɗauke ta daga bakin murhu ta shigo falo, ta yi ritaya. A ajiye ta gefen kujerar maigida a ɗora mata ƙaramin tire ko kwanon goro, ko a sa ta kusa da tim-tim a kan darduma mai haske, domin baƙin itace ya fi fitowa a kan abu mai haske. Guda ɗaya ta isa. In aka tara biyar a lungu ɗaya ɗaki ya koma rumfar dillali. Kada a ɗora mata tukunyar fure mai yoyo ko kofin shayi mai zafi ba tare da faifai ba.

Ta uwa ita ce ta aikin yau da kullum. In ƙusa ta saki a kai wa kafinta ya ɗaure, in saƙar ta tsinke a sake saƙawa, in soson ya mutu a sake shi. Gyaranta bai kai kuɗin sabuwa ba, kuma katakon da aka yi ta da shi, irin su loko, ya fi yawancin abin da ake samu yanzu. Tim-tim ma a nan yake. Aikin dukawanmu ne, da jar fatar akuyar Sakkwato wadda a da ake ƙetara hamada da ita har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce. Biyu a falo sun zaunar da baƙi biyu, ba su ci wuri ba.

Ta yau kuma a saye ta da awo. Kujerar zama ta sosai tsayinta daga ƙasa inci 17 zuwa 18 ne, ta tsugunno kuwa ba ta cika wuce inci 10 ba. Dattijo ko dattijuwa mai ciwon gwiwa tashi daga gajeriya yana ba shi wuya, a nema masa mai inci 17 a ajiye bakin ƙofa inda ake sa takalmi, da wurin girki. Masu shago da masu sabon gini mai kanta a kicin su riƙe wannan: a bar tsakanin inci 10 zuwa 12 daga mazauni zuwa ƙarƙashin kanta. In kanta inci 36 ce, kujerarta ta zama inci 24 zuwa 26, kuma a nemi mai wurin ɗora ƙafa. Ta roba kuwa a san halinta. Rana tana busar da ita ta yi ƙaras, wata rana ta ɓalle da mutum ba sallama. Ƙafafunta suna zamewa a kan tayil, wuta kuma tana narkar da ita. Kada a taka ta don sauya ƙwan lantarki. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

KULA DA ITA A ƘASAR RUWA

Kujerar da aka sassaƙa a busasshiyar ƙasa ta zo inda ruwa ke zuba fiye da rabin shekara, dole a kula da ita. Abokan gabanta uku ne: danshi, gara, da ƙwaron nan mai huda itace. Kada ta kwana a tsakar gida ko a kan jiƙaƙƙen siminti. Waɗanda suka ga ambaliyar Ogunpa ta 1980 da ta 2011 sun san yadda ruwa ke shiga ɗaki cikin dare a garin nan, don haka da damina a ɗora ta bisa wani abu. In ta jiƙe a shanya ta a inuwa inda iska ke ratsawa, domin rana mai zafi tsaga ta za ta yi.

In aka ga gari mai laushi yana zuba daga ƙananan huji, ƙwaro yana ciki da rai. A ware ta daga sauran kayan katako, a sami kafinta ya ɗura maganin ƙwaro cikin hujin, a bar ta waje a inuwa har warin ya fita, nesa da yara da abinci. Kada a shafa mata baƙin man mota. Kada a goge ta da samfefa, kada a yi mata fenti wai don ta yi kyau ranar Salla, domin duk wanda ya kankare wannan sheƙi ya kankare shekarunta da kuɗinta gaba ɗaya. Busasshen ƙyalle ya isa, sai ɗan kakin zuma ko man kaɗanya kaɗan sau ɗaya ko biyu a shekara, a goge sosai kada ya yi danƙo.

SHAWARWARINMU

Kafin mu zauna, muna da shawara biyar ga wannan zama.

Na ɗaya, kowane gida da ke da tsohuwar kujera a zauna da tsofaffin gidan tun suna nan, a tambaye su ta wace ce, daga wane gari aka zo da ita, a wane zamani. A rubuta a takarda, a ɗauki hotonta, a adana tare da takardun gida. Kujerar da aka san tarihinta ta fi wadda ba a sani ba daraja, a wurin iyali da a kasuwa.

Na biyu, in an zo rabon gado a sa ta cikin lissafi, a nemi wanda ya san kaya ya kimanta ta, don kada a cuci maraya cikin rashin sani.

Na uku, iyaye mata, cikin kayan ɗakin kowace amarya a sa kujerar sassaƙa guda, ko da sabuwa ce. Duk mai zuwa gida ya yi odarta wurin masassaƙan garinsu. Ta haka sana'ar za ta rayu, kuma sabuwar yau ita ce ta kaka wata rana.

Na huɗu, 'yan uwanmu masu sayar da kayan gargajiya su haɗa kai su san dokar sana'arsu, su nemi izini inda ake nema.

Na biyar, muna roƙon shugabanni su ware lungu ɗaya a ofishin ƙungiya inda masu so za su kawo aron kujera ko akushi ko tim-tim na ɗan lokaci, da sunan garin da suka fito, domin yaran makaranta su zo su gani. Gani ya kori ji.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Mun baro gida neman halal, Allah ya sa mun samu, amma bai kamata abin da ya biyo mu daga gida ya ƙare a murhu ko a falon wanda bai san sunan mai shi ba. Yau in an koma, kowa ya leƙa bayan ƙofa da ƙarƙashin gado.

 Allah ya ba mu zama lafiya da masu masaukinmu, ya sa albarka a nemanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.